A Kan Jakina Duna da Ciwon da Aka Ce Ya Ƙare

Zuwa ga Malam mai riƙe da hisbar kasuwarmu, wanda aka danƙa wa amanar mudu da ma'auni da tarbiyyar jama'a, daga dattijo Isyaku ɗan Mamman, manomi, tsohon farke, mazaunin gefen Yasore.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai yawa da ban girma, da tambayar lafiyar Malam da ta iyali da ta ɗalibai. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da haƙuri da jama'a. Idan Malam ya tambayi lafiyarmu, mun gode Allah, gero ya nuna, dawa na tafe. Gidana ne kawai babu kwanciyar hankali, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Na sa an kwafe ta, ɗaya ta zo hannunka, ɗaya a karanta a ƙofar masallaci bayan an sauko daga Juma'a, ɗaya a rumfar mahauta. Ban yi haka don raini ba. Hukuncin da nake kuka a kansa da ganga aka yi shelarsa a tsakiyar kasuwa, don haka na ga ya dace waɗanda suka ji hukuncin su ji kukan.

Amma bayan haka.

Na ɗaya. Ina tunatar da Malam wata al'ada da muka taras, wadda ta girmi kasuwar nan. Idan saurayi ya kamu da ciwon sanyi, fitsari na yi mashi zafi, mugunya na ɓata mashi wando, ko kuwa ya ga gyambon tunjere a inda ba a nunawa, ba ya iya buɗe baki ya faɗa wa babba inda ya samo shi. Sai ya tafi wurin wanzami, ya durƙusa, ya ce ya tsallake fitsarin jaki. Wanzami ya girgiza kai, ya ce lallai jakunan bana ba su da kirki, a riƙa duba ƙasa. Daga nan ya ja shi ƙuryar ɗaki, ya duba shi, ya ba shi jiƙo da abin wanki, sannan ya gaya mashi gaskiya tsirara: cewa wannan ciwo daga kusantar mace yake zuwa, daga mai shi zuwa marar shi, cewa ya tsare kansa har ya warke sarai, kuma ya ji tsoron Allah ya daina. Wanzami ya san babu ruwan jaki. Yaron ya san wanzami ya sani. Uban yaron ma, da zai aika da ƙwaryar hatsi ta godiya, ya sani. Alkunya ce irin wadda ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, alhali ita ta haife shi. Ba a taɓa tambayar wane jaki ba, domin babu jakin.

Malam ne mutum na farko a ƙasar nan da ya tambayi wane jaki.

Na biyu. Ga yadda abin ya faɗo kaina. Bayan 'yan cin rani sun dawo daga birni, fatake kuma sun sauke kaya, ciwon ya yi yawa a cikin samari, labari ya kai kunnen Malam. Ranar kasuwa ka tarar da wani yaro yana fitowa daga rumfar Wanzam Tanko da ƙullin sassaƙe, ka tsayar da shi, ka tambaye shi. Ya ba ka amsar da kakanninsa suka ba kakannin Tanko. Ka ce ya nuna maka jakin. Yaron ya waiwaya dama da hagu, idonsa ya faɗa kan Duna, baƙin jakina, wanda nake ɗaurewa a gindin tsamiyar bakin kasuwa tun yana ƙarami. Ya miƙa yatsa. Ban riƙe yaron a zuciya ba. Da raƙumi ne a gindin tsamiyar, da raƙumi zai nuna.

Kafin la'asar, duk saurayin da aka tambaya ya ce Duna ne. Hanya ce an riga an share ta, kowa ya bi.

Na uku. Zaman da aka yi a zauren Malam. Ina neman izini in maimaita abin da ya gudana, saboda waɗanda ba su sami shiga ba. An kawo Duna an tsayar da shi a ƙofar zaure, aka ce ni zan amsa a madadinsa tun da dabba ba ta magana. Iyayen yara suka zo, manyan mutane, wasu mun yi fatauci tare, wasu a sahu ɗaya muke salla. Kowa ya shaida cewa ɗansa yaro ne mai kunya, ko ido ba ya haɗawa da mace, ba a san shi da komai ba sai gona da masallaci, kuma lallai an ga ya bi ta gindin tsamiya.

Na ce akwai yaron da ya yi rani duka a birni, da ciwon ya dawo, bai ko ga Duna ba. Aka ce ai na taɓa kai gero birni a kan jakin nan. Na ce an yi haka, amma a lokacin yaron yana goye. Aka ce ƙasar birni ba ta shan ruwa da wuri. Na ce akwai yaro daga Zakka wanda bai taɓa cin kasuwarmu ba. Ubansa ya miƙe ya ce ruwan sama ne ya kwaso abin ya bi rafi ya kai masu. Na ce rafinmu ba Zakka ya nufa ba, kuma rani ake ciki, ko ɗigo ba a yi ba. Aka ce in daina jayayya da ikon Allah. Aka tambaye ni inda jakin ke kwana, na ce a turkensa. Aka tambaye ni ko yana fita yawo ba da sanina ba, na ce da dabaibayi yake kwana. Aka tambaye ni ko na san irin jakunan da yake hulɗa da su. A nan na yi shiru, domin ban taɓa zaton zan kai wannan shekaru a yi mani irin wannan tambaya ba, kuma Malam ya sa aka ɗauki shiruna a matsayin rashin hujja.

Aka kira Wanzam Tanko. Malam ya tambaye shi ko gaskiya ne masu ciwon nan suna ce mashi sun tsallake fitsarin jaki. Ya ce gaskiya ne. Ka tambaye shi ko ya taɓa ƙaryata ɗaya daga cikinsu. Ya dubi iyayen yaran, waɗanda shi ke yi masu aski, shi ya yi wa 'ya'yansu kaciya, ya ce bai taɓa ba. Ba a ƙara tambayarsa komai ba. Ban ga laifin Tanko ba, domin tambayoyin da aka yi mashi ya amsa su da gaskiya. Wadda ta kamata a yi ce ba a yi ba, kuma na lura duk zauren an sauke ajiyar zuciya da ba a yi ta ba.

Na huɗu. Hukuncin, kamar yadda mai shela ya faɗe shi. An tabbatar Duna ne tushen ciwon. Za a tsare shi a bukka bayan gidan Malam, a ajiye kasko a ƙarƙashinsa. An naɗa bawan Allah guda ya riƙa kwashe kaskon yana kai wa bakin daji ta wajen Ruma yana binnewa. Ciyar da jakin yana wuyana, ni zan riƙa shiga da harawa da ruwa safe da yamma. Ba a yarda kowa ya kusanci bukkar ba sai ni da mai kasko. Waɗanda suka riga suka kamu an ba su zuwa tsayuwar wata su gama shan magani. Daga nan ciwo ya ƙare a ƙasar nan, tun da an ɗaure tushensa. Wanzamin da aka kama yana ba da maganin ciwon da babu shi mayaudari ne, za a karɓe zabirarsa ta kayan aiki. Wanda kuwa ya ce yana da ciwon bayan wannan, sai ya fara zuwa zauren Malam ya bayyana a gaban shaidu inda ya samo shi.

Wata ya tsaya, wasu ma sun tsaya a bayansa. Yanzu ina so in faɗa wa Malam abin da hukuncin ya haifar, domin na san ba a kawo maka irin wannan labari.

Na biyar. Mutanen kasuwa sun naɗa wa mai kasko sarauta, ba zan rubuta sunanta ba saboda za a karanta wannan a ƙofar masallaci. Idan ya taho da kayansa mata na kwashe tallarsu, yara na bin sa da waƙa. Kullum hannunsa a cikin abin da aka ce shi ne guba, ga shi nan kuwa lafiyarsa ƙalau, har ƙiba ya yi, saboda babu mai yarda ya ci abinci kwano ɗaya da shi. Masu jakuna sun daina kawo su kasuwa, hatsi a ka ake ɗaukarsa. Tsofaffi na tafiya suna kallon ƙasa, in sun ga danshi su yi kewaye, har wani limamin ƙauye ya faɗa rami yana gudun ruwan da mai koko ta zubar. Wani yaro ya gwada cewa fitsarin akuya ya tsallake, mai akuyar ta bi shi da muciya har gida, tana cewa ba za a yi wa akuyarta abin da aka yi wa jakin Isyaku ba.

Malam zai tuna samarin da suka yi ta zuwa ƙofarka suna roƙon a ba su aikin ɗaukar kasko, ko na yini ɗaya, ba da lada ba. Ka yaba masu a bainar jama'a, ka ce ba ka taɓa ganin samari masu son hidimar al'umma irin na wannan ƙasa ba, sannan ka hana su saboda tausayin ƙuruciyarsu. Allah shi gafarta Malam, ba hidima suka zo nema ba. Kowanensu yana ɗauke da ciwon a jikinsa, yana neman ya taɓa kaskon sau ɗaya a gaban mutane don ya sami abin da zai faɗa wa wanzami. Da Malam ya dubi yadda suke takawa, da ya gane.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ƙananan da ke tasowa. A da maganar jaki mayafi ce, in an shiga ƙuryar ɗaki a yaye ta. Yanzu ta fito daga bakin malami, da ganga, sun ɗauke ta ilimi. Na ji da kunnena, a bakin rijiya, wani da gemu bai gama tsiro mashi ba yana gaya wa abokansa cewa bana cin rani babu fargaba, tun da jakin na ɗaure. Wannan yaro zai tafi birni da wannan karatu a kansa.

Na shida. Ba na rubuta wannan don in wanke mai laifi. Zina zina ce, ni ban koya wa nawa wani abu ba bayan wannan. Amma ni tsohon farke ne, na kwana a zangon da Malam bai taɓa jin sunansa ba, na ga abin da ciwon nan ke yi idan an ɓoye shi. Ciwon sanyi in ya daɗe yakan sauka ya kumbura wa namiji gabansa, yakan toshe mashi hanyar fitsari har ya riƙa kuka kamar yaro, yakan hana shi haihuwa. Tunjere ya fi shi makirci. Gyambon kan bushe da kansa, mutum ya ce ya warke, ya yi aure, sai bayan shekaru abin ya dawo ta fata da ƙashi. Ina da aboki da muka yi ayari tare, mai kyan fuska, mai murya, shi ke ba mu waƙa in tafiya ta yi nisa. Na je gaishe shi a ƙarshen rayuwarsa, karan hancinsa ya rufta, ya rufe fuska da rawani yana magana ta hanci, bai ma gane ni ba. Matarsa ta yi ta ɓari, wanda ya zo da rai bai yi kwana ba. Dangi suka ce ita ce mai farar ƙafa.

A nan nake so Malam ya tsaya. Maza suna da jaki, ko da na ƙarya ne. Mata ko jakin ba su da shi. Amarya za ta shiga ɗakin miji da lafiyarta, bayan 'yan watanni mara ta riƙa yi mata ciwo, a ce sanyin ruwan rafi ne. In ta haihu, idon jariri ya cika da mugunya, wani ya makance kafin suna. In ba ta haihu ba, a ce juya ce. Ungozomomin ƙasar nan sun san wannan sarai, kowace a tambaye ta. Ba na cewa jiƙon Tanko na warkar da kowa, waraka ta Allah ce, kuma na ga waɗanda suka sha ba su rabu da abin ba. Amma wanda ya je wurinsa ya sami mai duba shi, ya sami mai ce mashi kada ka kusanci kowa, kada ka yarda a ɗaura maka aure a haka. Wannan kalma kaɗai ta tsirar da 'ya'yan mutane da yawa. Ita ce hukuncin Malam ya rufe wa baki.

Na bakwai. Yanzu na zo kan gidana, kuma da nauyi nake faɗa. Allah ya ba ni jikoki maza da yawa, uku daga cikinsu an sa masu ranar aure bayan girbin dawa. Ɗaya daga cikin ukun nan yana da ciwon. Ba zan faɗi sunansa ba, a nan ko a zaure.

Uwarsa ce ta gani a wurin wanki, ta kasa faɗa wa mijinta, ta faɗa wa tsohuwata, wato matata, tsohuwa ta faɗa mani. Ubansa ba zai iya yi mashi wannan magana ba, Malam ya san kunyar da ke tsakanin uba da ɗa. Kaka ne ke da wannan dama, domin tsakaninmu da jika wasa ne. Tun yana ƙarami nake ce mashi raggo, shi kuma ya ce mani tsoho mai ran ƙarfe, ya ce in yi sauri in tafi ya gaji tsohuwa da jaki. Na same shi a gona, na ce raggo, wace irin tafiya ce wannan kamar mai ɗauke da ƙwai a wando, ko amarya ce ka fara yi wa yanga. Na jira ya rama. Bai rama ba. Ya dafa kan fartanya, gumi na zuba, ya ce Kaka, da ma Duna na gindin tsamiya. Abin da ya iya faɗa ke nan, kuma na fahimta.

Da na matsa, na gane bayan hukuncin abin ya bayyana gare shi. Ya je wurin Tanko ta bayan gida, Tanko ya yi hawaye ya ce zabirar nan ita ce abincin iyalinsa, ya je ya samo izinin Malam. Zuwa zauren Malam kuwa, a gaban shaidu, wataƙila har da wanda zai zama surukinsa, ya ce gara ya faɗa rijiya, kuma yadda ya faɗe ta ban ji daɗi ba. Ya sayi wani gari a hannun mai tallar magani da ya ratsa ta ƙauyenmu, ya haɗa da kanwa mai yawa ya sha, ya yi ta amai har ya kasa tashi. Yanzu kaluluwa ta fito mashi, kumburi ya fara, in ya zaga bayan gida sai ya cusa gefen riga a baki don kada ƙannensa su ji. Kowace safiya ya fi jiya.

Abin da ke hannuna na yi. Na aika wa gidaje uku cewa na ɗaga aure, duka ukun, don kada a gane wane ne. Ban ba da dalili ba, domin ba zan yi ƙarya ba kuma ba zan faɗi gaskiya ba. Gida ɗaya sun ce talauci ne ya kama ni. Gida ɗaya sun dawo mani da goro. Na ukun aminina ne tun muna kiwon awaki, yanzu in mun haɗu sai ya juya fuska. Jikokina biyu masu lafiya sun daina gaishe ni da fara'a, suna ganin tsufa ne ya taɓa mani hankali. Na ɗauki wannan duka, ya fi mani sauƙi da in kai ɗiyar mutane ɗakin da na san abin da ke jiran ta. Idan iyayen 'yan matan nan suna cikin masu sauraro, yau sun ji dalili, ina roƙon su yafe mani, kada kuma su tambaye ni wane ne.

Na takwas. Buƙatuna, kuma ba su da yawa.

A sake wa wanzamai da ungozomomi hannu, su duba duk wanda ya zo masu, namiji ko mace, ba tare da an bi ta zaure ba. Malam ya fi ni sanin abin da littattafai suka ce game da suturta asirin Musulmi, da kuma neman magani.

A sake kiran mai shela, da gangar nan dai, ya faɗa wa jama'a cewa ciwon bai ƙare ba, kuma ba a ƙasa ake taka shi ba. In kalmar ta yi wa Malam nauyi a kasuwa, a bar mu da ita. A umurci kakanni maza su zaunar da jikokinsu kafin tafiya cin rani, kakanni mata su zaunar da nasu, a faɗa masu hanyar ciwon da alamominsa da sunansa na gaskiya. Mu tsofaffi kunya ta riga ta sake mu, aikin da ya rage mana ke nan.

A ƙarshe a ba ni jakina. Ya rame, kofatonsa ya yi tsawo saboda tsayuwa, in ya ji takuna sai ya yi kuka har maƙwabtan Malam su yi tsaki. Dawa na jiran ɗauka. Amma na sa shi a ƙarshe da gangan, in biyun farko sun samu, Duna zai iya ƙara haƙuri.

Na tara. Na san Malam na da shawara da tunani, kuma janye hukunci ba abu ne na yini ɗaya ba. Sai dai jikin yaron nan ba zai jira ba. Saboda haka ina sanar da Malam tun yanzu abin da zan yi ranar kasuwa mai zuwa, don kada a ce na zo da bazata.

Bisa hukuncinka, mutum biyu ne kacal a ƙasar nan da shari'a ta yarda ciwon zai iya kama su, su ne masu shiga bukkar Duna: ni da mai kasko. Bukkar ƙarama ce, kaskon ba kullum yake tare komai ba, kuma babu safiyar da ba na tsallake abin da ya zuba kafin in kai ga ajiye harawa. Da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika, zan sa farar rigata da rawanina, in zo zaurenka, in durƙusa a gaban shaidu, in ce ni Isyaku ɗan Mamman na tsallake fitsarin jaki. Ba zan ƙara kalma ɗaya a kai ba. Gaskiya ce, zan iya dafa Alƙur'ani a kanta, kuma mai kasko shaida ne. Sannan in nemi izinin a turo Wanzam Tanko gidana da zabirarsa da sassaƙensa, ya riƙa zuwa har sai an sami sauƙi. Ɗakin da zai shiga in ya wuce zaurena, wannan tsakaninsa ne da Allah.

Na san abin da zai biyo baya. Yara za su sa ni a waƙa tare da mai kasko. Mata za su riƙa janye tabarma in na zo wucewa. Wataƙila a nemi wani ya riƙa jan salla a masallacin unguwarmu in liman ba ya nan, aikin da nake yi tun kafin a haifi Malam. Tsohuwata ta ce in na yi haka ba za ta ƙara fita rijiya ba, sannan ta tashi ta wanke mani rigar. Na auna wannan duka, na auna yaron, ban ga sun yi kusa da juna ba.

Idan Malam ya ba da izinin, hukuncinsa ya tsaya yadda yake, yaron kuma ya sami mai duba shi. Idan ya hana, sai ya faɗa wa shaidu da bakinsa cewa tsallake fitsarin jaki ba ya kawo ciwo, ni kuwa a nan take zan yi godiya in kama igiyar Duna. Ko wanne Malam ya zaɓa na karɓa. Abin da kawai nake roƙo shi ne kada a ce in dawo wata kasuwar. Ina kuma sanar da sauran kakannin da ke da irin damuwata cewa daga ranar nan Tanko zai riƙa zuwa gidana, gidana kuwa yana da ƙofar baya ta wajen rumbuna, kuma ni idona ya yi rauni, ba na gane fuskar mai shigowa.

Allah shi ƙara wa Malam ilimi mai amfani da basirar aiki da shi. Allah shi tsare mashi zuriya daga abin da muke gani, in kuwa an jarrabe su, Allah shi haɗa su da mai rufa masu asiri. Allah shi shiryi samarinmu, shi tsare 'yan matanmu, shi ba marasa lafiya lafiya, shi sa mu gama da duniya da mutunci gwargwadon abin da ya rage mana.

Sai mun haɗu a zaure, da hantsi, in Allah ya kai mu.

Wassalam.

Dattijo Isyaku ɗan Mamman, na gefen Yasore.